Kofi na Biyu na Mincho

Shekara talatin da ɗaya Zlatka Peneva ta yi tana ɗinka aljihun wando a masana'antar ɗinki da ke bakin birnin Sofiya. Aljihu kawai, ba ƙafa ba, ba ƙugu ba. Da ta yi ritaya, sa'o'inta suka koma dafa miyar tattasai suna cika kwalabe, ita kuwa ta rataya jakarta ta je ɗakin karatun unguwarmu ta ba da sunanta a ajin koyon rubuta wasan talabijin, wanda ake yi duk Asabar da hantsi. Mu da muka san ta ba mu yi mamaki ba. Tun muna 'yan mata take rantsuwa sai ta sa matan layin ɗinkinmu a talabijin, da surutunsu da zaginsu da komai.

To, ajin nan mataki biyu ne. A na farko ana nazarin wasannin wasu, a na biyu ne mutum ke rubuta nasa. Su ashirin da uku ne, goma kaɗai za su haye, kuma abin da zai hayar da mutum takarda ce guda, ta nazarin wani mutum na cikin wasa. Malaminsu shi ne Kalin Dobrev, ɗan shekara arba'in da 'yan kai, mai naɗa gyale a wuya ko da ana zufa. Ba mugu ba ne, sai dai idan ya faɗi magana yakan tsaya ya saurare ta kamar wani ne ya faɗa.

Wasan da ya zaɓa musu wani tsohon wasan barkwanci ne, Hawa na Biyar, labarin mazauna wani dogon bene. A ciki akwai Mincho mai gyaran famfo, wanda duk famfon da ya taɓa sai ya fi da lalacewa.

"Mai ba da dariya ba mutum ba ne," in ji Malam Kalin, "taga ne. Idan ɗaki ya yi zafi a buɗe shi, iska ta shiga, a rufe. Ku duba nan."

Ya kunna musu wani wuri. Matar Mincho ta kwashe kayanta ta bar shi. Ga shi shi kaɗai a kicin da safe, ya ajiye kofi biyu a tebur, ya zuba shayi a nasa, ya zuba a na biyun, har da sukari cokali uku, sannan ya tsaya yana kallonsa. Nan take sai dariyar 'yan kallo ta fashe, a cikinta akwai wata ta mace da ta fi kowacce tsawo, ta hau sama ta ƙare da fito kamar buta ta tafasa.

"Kun ji?" Malam ya sa alama da fensir a littafinsa. "Dariya ta uku a shafi ɗaya. Wawa ne, ya manta matar ta tafi. Ga taga an buɗe."

Kowa ya rubuta. Zlatka ba ta rubuta ba, ta dai zauna jakarta a cinya, kunnuwanta sun yi ja.

Takardar da ta kawo shafi huɗu ce da rubutun hannu. Ta ce a cikinta Mincho bai manta komai ba, ya san sarai ta tafi, hannunsa ne bai sani ba. Ta ce babu abin dariya a wurin ko kaɗan, kuma dariyar da ake ji manna ta aka yi daga baya. Asabar ta gaba takardar ta dawo da maki biyu cikin shida da jan biro, wato faɗuwa ke nan.

"Goggo Zlatka," Malam ya ce da ita bayan an tashi, cikin murya mai laushi irin wadda ake yi wa majinyaci, "nazari na tambaya, ba tausayi ba. An yi dariya, kowa ya ji. Ki gaya mini dalilin dariyar, shi ke nan."

"Ba a yi ba, ɗana."

"Tana cikin faifan."

"Ina wurin ranar da aka ɗauki wasan. Motar masana'anta ce ta kai mu mu cika kujeru, aka ba kowa lemo da burodi. Ranar ko tari ba a yi ba. Kuma waccan mai fiton, ni ce."

Malam ya gyara gyalensa. "Duk shekara sai na sami wanda kakarsa tana wurin. Na ba ki zuwa Asabar. Ki sake rubutawa yadda muka koya, in sa ki cikin goma. In ba haka ba, sai baɗi."

Baɗi! Yadda ya faɗe ta kamar gobe. Mace mai shekara sittin da bakwai da hawan jini, a ce mata baɗi.

Da la'asar ta hau wajen Velichka, maƙwabciyarta ta sama, wadda suka yi ɗinki kafaɗa da kafaɗa. Ta tarar da ita tana murza ƙullin banitsa, gurasar nan mai cuku, gari har goshi.

"Ke dai ba kya rabo da rigima," in ji Velichka. "Rubuta masa wawa ne mana! Me Mincho ya haɗa da ke? Kawunki ne?"

"Da dariyata aka yi masa ƙarya."

"Shekara arba'in da suka wuce."

"Ko ɗari ne. Ni ban yi wa mutumin nan dariya ba, Velichka. Kuka na yi, har na jiƙa takardar burodina. Sai ga shi na kunna talabijin na ji kaina ina ƙyaƙyata masa. Marigayi mijina ya ce, ashe haka kike da mugunta. Yanzu kuma in sa hannu in ce haka ne? Zo ki ba da shaida."

"Ni? Ranar ina asibiti ina haihuwar Plamen, kin manta? Kuma wa zai yarda ke ce? Wannan fiton naki ya mutu tun ranar da likita ya toshe miki giɓi. Yanzu dariyarki kamar ta matar fada, hi-hi-hi."

Zlatka ta sa harshe ta taɓa haƙorin roban da ke sama, wanda take cirewa ta sa a kofi in za ta kwanta. Shekara goma sha biyu ko jikokinta ba su taɓa ganinta babu shi ba. Ta daɗe tana taɓa shi. Sannan ta ɗauki yankan cuku daga kwanon Velichka ba tare da ta tambaya ba, ta sauka.

Ranar Asabar Malam Kalin ya bi layi yana karɓar takardun da aka gyara. Da ya zo kanta ta miƙa masa waccan dai, da jan biyunta a sama, ko waƙafi ba ta taɓa ba.

"Goggo, wannan ai..."

"Ita ce. Minti biyar nake so. Kunna mana wurin, amma ka kashe sautin."

Wani saurayi daga baya ya ce, "Malam, bar ta mana, yau Goggo ce tagarmu!" Aka yi dariya. Zlatka ta juya ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai mai wando ba aljihu, in na gama ka zo in ɗinka maka, ka sami inda za ka riƙa ajiye bakinka."

Dariyar ta koma kansa. Malam ya ga in ya hana za a ce tsoro ya ji, sai ya kunna, ya kashe sauti.

Ga Mincho a kicin. Kofi ɗaya, kofi biyu. Cokali ɗaya, biyu, uku. Da babu mai gaya musu inda za su yi dariya, sai suka ga abin da ba su gani ba a da: yadda ya juya hannun kofin zuwa wajen kujerar da babu kowa, yadda ya ɗaga cokalin ya rasa inda zai ajiye shi. Ajin ya yi tsit. Wata yarinya a gaba ta shiga neman wani abu a jakarta wanda ba ya ciki.

"Haka muka yi ranar," in ji Zlatka. "Mu ɗari da wani abu."

Malam ya yi gyaran murya. "Kowane wasa aka cire wa sauti zai yi nauyi. Wannan bai nuna an manna komai ba."

"Na san za ka ce haka."

Ta buɗe jaka ta fito da hankici fari, ta shimfiɗa a tebur. Ta sa yatsa biyu a baki ta zare haƙorin, ta ɗora shi a kai a gaban mutum ashirin da uku. Ba ta rufe bakinta ba. Ta ɗaga haɓa ta bar su su ga giɓin da kyau.

"Yanzu ku ji inda dariyar ta fito. Wata ranar ce daban da aka kai mu, mako biyu kafin nan. Mai shirya wasan, wani gajere mai jin kansa, ya fito yana yi mana tsawa wai ba ma dariya da ƙarfi, wai mu matan masana'anta ba mu san fasaha ba. Yana cikin faɗa, mai riƙe da doguwar sandar makirufo ya juyo, ƙugiyar ta kama gashin kansa. Ashe gashin na kanti ne! Ya tashi sama, yana lilo a kan sanda kamar mataccen ɓera, shi kuwa bai sani ba, yana ta cewa, ku girmama fasaha, ku girmama..."

Ba ta kai ƙarshe ba. Abin ya taso mata daga ciki, ta dafa tebur, kafaɗunta na rawa, dariyar ta hau, ta hau, ta ƙare da fiton nan na buta. Ta ja numfashi, ya sake fitowa. Saurayin baya ya yi tsalle ya mayar da faifan, ya buɗe sauti, sai ga fito biyu a ɗaki ɗaya, na yarinya da na tsohuwa, ko uwar da ta haife su ba za ta raba su ba. Ajin ya kife. Har Malam sai da ya cusa baki cikin gyalensa.

Da aka lafa, ya ɗauki takardarta ya daɗe yana dubawa.

"Ko da hakan ne," ya ce, "abin da aka watsa shi ne wasan. Mutanen gida sun yi dariya."

"Sun bi ni ne, ni kuwa gashin kanti nake wa. Ka tambaye mu mene ne aikin Mincho. Wanda ya rubuta shi mutum ya rubuta, wanda ya fito a matsayinsa mutum ya nuna, wani matsoraci ne ya ji shirun ya ba shi tsoro ya liƙa ni a kai."

"Ki ƙara layi ɗaya a ƙarshe, ki ce ana iya kallonsa ta fuska biyu. Layi ɗaya, Goggo, in sa hannu."

"Ba zan ƙara ba."

"Kin san kujera goma ce."

"Na iya ƙirga, ɗana. Ka ba wani in kana so. Amma ba zan yi wa Mincho dariya sau biyu ba."

Ya dube ta, ya dubi ajin, su ma duk shi suke kallo. Ya zare jan biron, ya soke biyun, ya rubuta huɗu. Ba shida ba, ba biyar ba, huɗu, don kada a ce ya sallama duka. Amma huɗu ta isa ta hayar da mutum.

"Asabar mai zuwa ki zo da shafi goma na matan ɗinkin nan naki," ya ce. "Kuma ina son dariya uku a kowane shafi."

"Inda akwai ta za ka samu. Inda babu, ka kawo taka daga gida."

Ta naɗe haƙorin cikin hankicin ta jefa a jaka. Haka ta fita da giɓinta a waje, ta hau motar unguwa, ta gaida direba da baki buɗe. Velichka na jingine a taga tana jiran labari, tun daga nesa ta hango bakin, ta dafe ƙirji.

"Wayyo ni, a titi kika biyo haka?"

"Ɗora ruwan shayi," in ji Zlatka daga ƙasa, "ki nemo mini takardu. Da ke zan fara, shafi na ɗaya."