Gocin Kan Kabarin Tsoho Qu

Wata da watanni zazzaɓi yana cin Mancang, yana tari har da jini. Mai magani ya gaya wa matarsa Guilan cewa sai ɓawon saiwar tsohon gocin jeji, wani ɗan itace mai jajayen 'ya'ya. To, masu haƙa sun riga sun ƙwaƙule tuddan garin tas. Saura guda ɗaya tal, shi ma don neman fitina sai ya tsiro a kan kabarin tsoho Qu.

Wa ya isa ya taɓa tsiron kabarin wani? Ranar sharar kaburbura Guilan ta haɗiye girmanta ta hau tudun da sandarta. Ta tarar da Youfu, ɗan mamacin, ya zuba wa ubansa giya, yana ƙona masa takardu a matsayin kuɗi su isa gare shi can lahira.

"Ɗana, sannu da aiki."

"A'a, Gwaggo! Ke ce a kabarinmu? Ko ɓatan hanya kika yi?"

"Kawunka Mancang ne ba lafiya. Saiwar nan nake roƙo, ko kamar ɗan yatsa."

"Kawuna? Ranar da aka ɗauki babana an nemi kafaɗar ɗaukar makara an rasa, shi yana ƙofar gida yana shan tabarsa."

Gaskiya ya faɗa, kuma duk a kan rigimar wata akuya ce tsakanin Mancang da mamacin. Guilan ta zube a gabansa ta buga goshi a ƙasa, ita da ta yi sa'ar uwarsa. Ta sake bugawa har fata ta fashe.

"Haba Gwaggo, tashi mana," in ji Youfu, ya ɗauki fartanya.

Wayyo, daɗi ya kashe ta! Tana kuka tana sa masa albarka, shi yana haƙa a hankali kada ya yanke saiwar. Saiwar ta fito kamar damtse. Ya kakkaɓe ƙasar, ya juya ya ɗora ta a kan wutar takardun, ya tuttula mata sauran giyar.

"Babana ma da tari ya tafi. Na aika masa. In Kawu ya isa can, sai ya roƙe shi da bakinsa."

Guilan ta cusa hannu cikin wutar. Mugun ya tokare ta da ƙotar fartanya, bai sake ta ba sai da saiwar ta zama gawayi.

Ta sauko gida hannu a ɓoye cikin riga. Tun kafin ta rufe ƙofa Mancang ya ɗago kai.

"Ya ba ki?"