Fanfon Garkar Mata

Tsahara ita ce shugabar matan da ke noman rani a Garin Maje, wani ƙauye a gefen gulbi, can kudu da Jiratawa. Su talatin da biyu ne, kowacce da ƴar garkarta ta zogala da tattasai da albasa. Shekara uku suna kai kuka meri, ofishin magajin garin komin ɗinsu, wato ƙaramar hukumarsu, kafin aka yarda za a sa musu fanfo mai aiki da hasken rana a rijiyarsu. An ba da kwangilar ga wani Alhaji Maman Lawali, mazaunin unguwar Zariya a Maradi.

A shekarar ne meri ta fito da sabon tsari: ba za a karɓi aiki daga hannun ɗan kwangila ba sai wakilin masu amfani da shi ya gani ya sa hannu. Mata suka ce Tsahara ce wakiliyarsu. Ranar karɓar aikin motoci biyu suka zo. Aka kunna fanfon, ruwa ya yi tsalle cikin kwalbati, mata suka yi ta guɗa. Wata matashiya daga meri ta miƙo takarda da Faransanci, ta ce nan an rubuta an ga aiki kuma yana tafiya. Tsahara ta dubi ruwan, ta dangwala yatsa.

Kwana goma sha tara fanfon ya yi. A rana ta ashirin, tsakiyar bazara, ya yi wani gurnani ya tsaya.

Suka koma ja da guga. Rijiyar tana da zurfi, hannun mata da yawa ya tsage, kuma abin da suke ja bai isa ko rabin garkunan ba, domin ganin fanfo kowacce ta ƙara faɗin shukarta. Tsahara ta sa aka kira wayar Alhaji sau babu adadi. Farko ya ce zai turo yaransa, daga baya wayar ta daina shiga. Sai magana ta soma yawo cewa ba banza Tsahara ta sa hannu ba. Zuliha, maƙwabciyarta da suka shekara ashirin suna aron turmi tsakaninsu, ta ce a gaban mutane wanda ya ci da ƴan kwangila shi ya san inda zai same su. Abin da Tsahara ta ci ranar karɓar aikin kwalbar lemo ɗaya ce, da zafinta ma.

Da ganyen tattasai ya fara naɗewa, ta roƙi maza huɗu suka ciro fanfon daga rijiya. Ta naɗe shi cikin buhu, ta shiga motar kasuwa zuwa Maradi. A Sabon Gari aka kwatanta mata shagon Malam Yo'el, wani dattijo mutumin Tibiri da ya daɗe yana gyaran injinan ban ruwa.

Yo'el ya kwance murfin, ya kankare shuɗin fentin da bakin wuƙa. Ya nuna mata wani ɗan zane da aka yi da ƙusa a cikin murfin. Ya ce alamarsa ce, duk injin da ya naɗa wa waya yana sa masa ita. Wannan fanfon ya gyara shi shekara biyu da suka wuce, na wani mai lambu ne, kuma tun lokacin ya gaya wa mai shi cewa ya gama yayinsa.

Tsahara ta tambaye shi ko zai faɗi haka a gaban manya. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Ya ce Alhaji Maman Lawali na cikin masu kawo masa aiki, rabin abin da ke cikin shagon nan ma nasa ne, ga ɗiyarsa tana karatun aikin jinya. Ya ce ta ba shi lokaci ya yi tunani. Bai karɓi kuɗin dubawa ba.

Washegari ta je meri. Ta zauna a benci tun hantsi har aka yi azahar kafin ta ga matashiyar da ta miƙa mata takarda. Sunanta Fadila, ita ke riƙe da takardun kwangiloli, watanta bakwai da kama aiki. Ta ɗauko dosiyen, wato kundin takardun aikin, ta karanta wa Tsahara kwantiragin tana juya shi da Hausa. An rubuta fanfo sabo, da sunan kamfanin da ya ƙera shi, da takardar da ke ɗauke da lambarsa. An rubuta garanti na shekara guda, kuma akwai wani kaso na kuɗin aikin da meri ta riƙe sai shekarar ta cika lafiya.

Tsahara ta ce, “Ɗiyata, duk wannan yana cikin takardar da na sa wa yatsa?”

Fadila ta ce a'a, wannan kwantiragi ne, wadda ta sa wa yatsa ta karɓar aiki ce. Sannan ta ce, “Inna, ni na tsara waccan takardar. Ban sa wurin duba lamba ba. Da muka zo fanfon yana cikin rijiya, mu duka ruwa muka kalla.”

Tsahara ta so ta yi mata faɗa. Ta ga yarinyar ba ta fi ƴar autarta ba, kuma idonta ya cika. Sai kawai ta ce ita ake zagi a gari, ba meri ba.

Fadila ta rubuta wa Alhaji takarda, magajin gari ya sa hannu, aka kira zama bayan kwana goma. Alhaji ya zo da fara'arsa, ya gaishe da Tsahara har da rusunawa. Ya ce shi sabo ya saya a hannun wani ɗan kasuwa, in an cuce shi to shi ma an cuce shi. Sannan ya nuna wani layi a kwantiragin: in masu amfani suka taɓa kayan da kansu, garanti ya faɗi. Su suka ciro shi, su suka kai wa wani ya buɗe. Ma'aikacin meri da ke duba ayyuka ya gyaɗa kai, ya ce gaskiya layin yana nan.

Tsahara ta gane cewa abin da ta yi don ceton garkuna shi ake shirin kashe su da shi. Fadila ta ce lambar da ke jikin fanfon ba ita ce ta takarda ba. Alhaji ya ce wa ya san ko fanfon da ke cikin buhun nan shi ne wanda ya sa, tunda ya kwana a Maradi.

Ana cikin haka Yo'el ya shigo, rigarsa da ƙurar hanya, domin daga Tibiri ya taho kan kabu-kabu. Bai dubi Alhaji ba. Ya faɗi abin da ya gani, ya faɗi sunan mai lambun da ya sayar da fanfon, ya ce mutumin yana raye, kuma ya gaya masa da bakinsa cewa yaran Alhaji suka saya. Ya ƙara da cewa fentin da ke jikinsa shi ne dai na ƙarfen da aka kafa allunan hasken rana a kai, kowa na iya zuwa ya gwada.

Aka yanke cewa Alhaji zai kawo sabo cikin kwana talatin, in ba haka ba a saya daga abin da aka riƙe masa. Sai da ya yi kwana saba'in da wani abu kafin ya kawo shi. Ranar da sabon ya iso an riga an yi ruwan shuka, mutane duk suna gonakin hatsi. Tattasai ya ƙone tun tuni, zogalar da ta tsira ba ta kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Wannan karon Fadila ta zo da sabuwar takarda. Ta sa aka buɗe kwalin a gaban mata, aka karanta lambar da ƙarfi, aka gwada da ta kwantiragi kafin a zura shi rijiya, kuma duk abin da ke rubuce sai da aka faɗe shi da Hausa. Ta ce daga yanzu haka za a riƙa yi a kowane gari, kuma in kaya ya lalace meri ce za ta turo mai cirowa cikin mako guda. Zuliha ce ta sa hannu, domin mata sun canja wakiliya tun kafin zaman. Wasu sun zo daga baya sun ba Tsahara haƙuri, wasu har yau suna cewa ai da ba ta sa yatsa ba tun farko da ba a kai nan ba.

Bayan girbi ta sayar da akuyarta ɗaya don sayen irin albasa. Da ta shiga Maradi ta biya ta Sabon Gari da ƙunshin busasshiyar zogala. Ta tarar shagon Yo'el ya yi fili, Alhaji ya kwashe injinansa duka, wasu abokansa biyu ma sun bi shi. Yo'el yana zaune yana gyara fankar wani gida. Ya karɓi zogalar ya yi godiya, ya ce matarsa Esta za ta ji daɗi. Ya tambaye ta ko sabon yana ja da kyau, ta ce yana ja. Ya ce ta gaya wa matan su riƙa goge allunan duk kwana uku, kuma kada su bar shi yana aiki in ruwan rijiya ya ja baya. Ta ce za ta faɗa wa Zuliha, in ta saurare ta.