Huɗu ga Satumba

A daminar 1989 aka aiko wa ofishin rigakafi na Illela sabon faifan kwamfuta daga Sakkwato. Hindatu Maccido ce ta saka shi, don ita kaɗai ta karanci aikin, kuma ba ta barin kowa ya manta da hakan.

Da na'urar ta buga jerin yaran da suka rasu, Malam Attahiru, shugaban ofis, ya daɗe yana kallon takardar. Ana cikin Agusta, amma ga sunaye bakwai da ranakun mutuwarsu ba su zo ba tukuna. Na farko, Raliya Dabo, ƙauyen Lafani, huɗu ga Satumba.

"Malama, mi kika sa ma abin ga?"

"Kuskure ne, ranka ya daɗe. Zan gano shi."

Kafin la'asar magana ta kai kasuwa. A gidan Dabo jikoki biyu aka sa wa sunan kakarsu Raliya. Ɗaya ta rasu da bazara, ɗayar tana nan, watanta tara, lokacin allurar ƙyanda. Uwarta Jamilatu ta ce allurar ce ajalin da aka rubuta. Ga ƙyanda ta riga ta shiga ƙauyen Garu da ke kusa.

Malam Attahiru ya lulluɓe na'urar da zane. Hindatu ta yaye. A hanya mata na janye 'ya'yansu in ta gitta, ita kuwa ba ta sunkuyar da kai ba. Kwana uku tana gwada takardar da tsohon littafin rajista, har ta kai kan 9/4/89. Tara ga Afrilu. Sabon faifan wata yake fara karantawa kafin rana. Ta gyara umarnin, matattu bakwai suka koma ranakunsu.

Ta ɗauki littafin har Lafani.

"Duba nan, Yaya. Waccan Raliyar ce, Allah ya jiƙanta."

"Kin tabbata?" in ji Jamilatu. "To a yi mata. Amma ranar ki taho ki zamna da mu, mu gani tare."

Aka yi allurar. Huɗu ga wata Hindatu ta iso da hantsi, ta zauna kan tabarma, kai a sama. Ta san lissafinta daidai ne. Duk da haka da barcin yarinyar ya yi tsawo bayan azahar, sai ta ga yatsanta a ƙarƙashin ɗan hancin, yana neman numfashi.

Da aka kira magariba Jamilatu ta yi ajiyar zuciya, ta goya 'yarta.

"Alhamdu lillahi, rana ta faɗi, huɗu ta wuce. Tashi ki tai gida, 'yar boko."

Hindatu ta dubi agogon hannunta. A wurin na'ura, huɗu ga wata ba ta ƙarewa sai sha biyun dare.

"Yaya," ta ce a hankali, "ko akwai wurin da zan kwana?"