Ƙwaro Mai Farin Wuya

Ni ce nake ba dashen Gwaggo ruwa kowace safiya. Tana da lambu a bayan gida, inda take renon ƙananan itatuwa a cikin baƙaƙen ledoji. Ranar da za a kwashe su zuwa wata gona mai nisa, jami'in duba tsirrai ya zo da littafinsa. Yana ɗaga ganye sai ga wani ɗan ƙwaro ja, bai fi ƙwayar wake ba. Ya buɗe littafin, ya ɓata fuska.

"Baƙo ne daga ƙasashen sanyi," in ji shi. "Dashen nan sai ƙonewa."

Gwaggo ta zauna a kan bokiti. Shekara biyu tana wahala da su.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "a wane jirgi ya zo? Ni ko tasha ban taɓa rakiya ba."

Bai yi dariya ba. Ni kuwa ba na iya magana a gaban baƙo, kuma aji huɗu na tsaya a makaranta. Rubutun littafin ya fi ƙarfina, amma hoton na gan shi sarai. Na ja zanen Gwaggo, na raɗa mata.

"Faɗa masa da bakinki, Shiru-shiru," ta ce. "Ba ya cin mutane."

Ina kallon takalminsa na ce ƙwaron da ke hoton fikafikansa gajeru ne, a rabin baya suka tsaya. Namu fikafikansa sun rufe bayan duka, da ɗigon baƙi a kowanne, ga farin zobe a wuya. Tun ina ƙarama nake ganinsa a jikin kuɓewarmu.

Jami'in ya ciro gilashin ƙara girma, amma ƙwaron ya ƙi tsayawa. Na miƙa yatsa, ya hau, na juya shi a hankali. Mutumin ya daɗe yana duba wuyan. Ya buɗe shafi biyu gaba. Ga namu nan, kusa da taswira, an shafa launi a kan ƙasashen zafi, har da inda muke.

"Ashe ɗan gida ne," ya ce, yana sosa ƙeya. Ya sa hannu a takardar izinin fitar da dashen. "Ku riƙa tsince shi dai. Wa ya koya miki, ƙanwata?"

"Bokitin ban ruwan nan," in ji Gwaggo, ta miƙe.

Da zai tafi, ya rubuta mini sunan ƙwaron da manyan baƙaƙe. Ana loda dashe a mota, ina gefe ina haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya.