Kekuna Biyu Zuwa Abu Hujar

A bazarar da sanƙarau ya ratsa kambunan yammacin Managil, wato sansanonin ma'aikatan gona, Alhasan na cikin waɗanda ya ɗauka. Da safe ya ce kansa na sara, kafin azahar wuyansa ya sandare, washegari aka sallace shi aka rufe shi a maƙabartar da ke bayan tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga. Jami'an lafiya sun hana a kai gawa ko'ina. Ya bar uwa, Ramatu, da mata, Asabe, da ɗiya mai tatata a ƙauyensu na bakin kogi, kudu da Abu Hujar, kuma babu wadda ta sani a cikinsu.

Kai labarin ya faɗo a kan Sodangi, ƙanen Ramatu. Shi ne babban dangi a Managil, shi ne kuma ya samo wa Alhasan da ƙanensa Sambo aikin auduga tun farko. Ya daɗe yana tuƙa lorin wani, sannan Allah ya hore masa tsohuwar ƙaramar mota mai zagayayyen baya da inji a gindi, wadda yake jigilar mutane da ita tsakanin kasuwa da ƙauyuka. Yara suna ce mata Kunkuru.

Abin da Alhasan ya bari bai taka kara ya karya ba: akwatin ƙarfe, bargo, buta, sai keke. Baƙin keke ne mai nauyi, Alhasan ya naɗe masa kai da jar roba, ya yi wa sirdin riga da fatar akuya. Sodangi ya ce ba za a sayar ba, hakkin marainiya ne, sai ya isa hannun magada. Sambo kuma ya ce ya gama da Managil, da nasa keken zai tafi. Akwati da bargo sun cinye kujerar baya. Kekuna biyu ba su da wurin shiga.

Don haka suka nufi layin maƙera, rumfar Usta Gambo, Bahaushen Mayurno mai walda. Ya ɗaga hannuwa suka yi Fatiha, ya yi musu ta'aziyya, sannan ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa rufinta da bayan yatsa.

"Iri biyu nike yi," in ji shi. "Akwai sabat, gadon ƙarfe ke nan na bisa rufi, ƙafafunsa su kama wannan leɓen da ruwan sama ke bi. Sai a kwantar da kekunan, ɗaya bisa ɗaya. Amma rufin naka zagayayye ne, ƙarfensa kuma ba kauri. In ka ɗora masa nauyi motar za ta riƙa rangaji, duk kwaren da ka shiga sai ka bi a hankali. Akwai kuma kariyar baya, ƙugiya biyu a kan bamba, a rataye su tsaye. Ta fi sauƙin lodi, iska ba ta kama ta. Illarta, tana rufe ƙofar injin. In ya yi zafi a hanya sai ka sauke komai kafin ka duba shi."

"Wanne za ka zaɓa in kai ne?" Sodangi ya tambaya.

"Kowanne zai kai ku, in Allah ya so. Kai ka san hanyarka."

Sambo, wanda tun da aka dawo daga maƙabarta bai haɗa kalma uku ba, ya ce, "A sa na baya, Kawu."

Sodangi ya juyo ya dube shi. Saurayi ne dogo, mai faɗin kafaɗa, amma kwanakin nan sun zabge shi, idanunsa sun faɗa. Bai yi kuka ba ko a bakin kabari.

"Don me?"

"Babu wanda bai san keken Yaya ba a garinmu. In sun gan shi a rataye, suka gan ni a mota, shi ba su gan shi ba, sun gane. Kafin mu kai ƙofar gida wani ya riga mu faɗa." Ya sunkuyar da kai. "Ni bakina ba zai iya ba, Kawu. Tare Iya ta sallame mu. Ta ce in kula da shi don ya fi ni gaggawa."

Usta Gambo ya ja baya ya shiga tonon tarkacen ƙarafa kamar mai neman wani abu.

Sodangi ya tausaya wa yaron, amma ya san ƙauyen nan. Da an ji ƙarar mota yara za su fito su bi ta da gudu suna ihu. Ya hango yayarsa a tsakar gida, hannunta cikin ƙullun gurasar kisra, wani ɗan maƙwabta ya faɗo da haki yana cewa ga keken Alhasan babu Alhasan. Matar da ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ta tauna abinci ta sa masa a baki.

"A'a," ya ce. "Yayata ba za ta ji mutuwar ɗanta a bakin yara masu bin mota ba. Zan shiga, in gaishe ta, in zaunar da ita, in faɗa mata da bakina. Kai ba sai ka ce komai ba. Usta, yi mana na sama. Za mu rufe su."

Sambo bai yi musu ba. Ya koma gefe ya tsuguna a inuwar bango.

Yinin nan Usta Gambo ya yanka bututun ƙarfe, ya lanƙwasa ƙafafu daidai da zagayen rufin, ya yanko tsohuwar taya ya sa a ƙarƙashin kowace ƙafa don kada ta ci fenti. Suka kwance fedoji, suka juya kawunan kekunan suka daidaita da jikinsu. Na Sambo aka fara kwantarwa, aka shimfiɗa buhuna, aka ɗora na Alhasan. Abin rufi kuwa, abin da aka samu a kusa shi ne sabuwar tabarmar kaba mai jan baki. Sodangi ya saya, suka naɗe kayan da ita, suka ɗaure da igiya a kai da tsakiya da ƙafa. Ya ja baya ya duba. Babu abin da ya leƙo ko wayar taya. Hankalinsa ya ɗan kwanta.

Bayan sallar asuba suka kama hanya. Suna ratsa bakin kasuwa, wasu dattawa da ke shan shayi a kan benci suka miƙe tsaye. Mai shayin ta ajiye butarta ta ɗora hannuwa a kai. Sodangi ya ɗauka sun ji labarin Alhasan ne, ya ɗaga musu hannu. Amma da suka yi nisa a cikin gonaki, inda babu wanda ya san su, abin bai canza ba. Wani manomi da ke tuge karan auduga ya tsaya cak, ya ɗaga yatsa sama. Wani mai jaki ya sauko ya ja dabbarsa gefe. Har lorin da ya taso su a gaba da ƙura ya rage gudu ya kauce, abin da direban lori ba ya yi wa ƙaramar mota.

Hanyar ta baƙar laka ce da rana ta tsattsage. Motar na rangaji kamar yadda Usta ya faɗa, ƙafafun sabat na ƙara a kowane rami. Sodangi ya riƙe sitiyari da hannu biyu, zuciyarsa na maimaita kalmomin da zai faɗa wa Ramatu, yana sa wannan a gaba yana cire waccan. Bai tsaya ya yi tunanin abin da mutane ke gani ba.

Sai a Sinnar, da suka tsaya shan mai. Wani tsoho mai farin rawani, wanda ke zaune a gindin bishiya da tasbaha, ya taso da sandarsa ya zo har gefen motar. Ya ɗaga tafukansa biyu ya karanta Fatiha, sannan ya tambaya da Larabci a hankali, "Namiji ne ko mace?"

Sodangi ya ɗaga kai ya kalli rufin motarsa. Dogon abu a kwance bisa gadon ƙarfe, naɗe cikin sabuwar tabarma, ɗauri uku. Ya ɗauki irin wannan a kafaɗarsa ba sau ɗaya ba. Ya buɗe baki zai ce, Baba, kekuna ne.

"Namiji ne," in ji Sambo daga cikin mota. Ya buɗe ƙofa ya fito, ya ɗaga nasa tafukan. "Yayana ne. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Tsohon ya jawo shi ya rungume, yana bubbuga bayansa. A nan Sambo ya fashe. Ya yi kuka irin na babban mutum, mai fitowa daga ciki da ƙyar, fuskarsa a kafaɗar wanda bai taɓa gani ba. Mai zuba mai ya matso, direbobi biyu suka matso, kowa ya ɗaga hannu. Sodangi ya tsaya a cikinsu yana amsa addu'a. Bai gyara musu ba. Wanda suke yi wa addu'ar ya mutu da gaske, ko da ba shi ne a saman motar ba.

Da suka fita gari ya tsaya a gefen hanya, ya hau bamba ya kwance igiyoyin, ya janye tabarmar ya naɗe ta ya tura bayan kujera. Ya sake ɗaure kekunan a fili, ya ƙara matse ƙafar sabat ɗaya da ta saki.

"Na so in ɓoye, sai na yi shela," ya ce. "Da mun shiga gari haka, da sun fito da kuka tun daga bakin gona."

Sambo ya share fuska da hannun riga. "Ba laifinka ba ne, Kawu."

Suka wuce Singa da rana tsaka, suka yi sallah a bakin kogi, suka ci gurasa da wake ba don suna jin yunwa ba. Yanzu Sambo yana magana jefi-jefi. Ya ba da labarin yadda Alhasan ya koya masa keke a kan gaɓar tur'a, ya sake shi bai sani ba har ya faɗa ruwa. Ya ce a daren ƙarshe Alhasan ya nemi ruwa an ba shi, ya sha, ya kira sunan ɗiyarsa. Sodangi na saurare, yana lallaɓa motar cikin kwari.

Rana ta karkata lokacin da suka bar Abu Hujar a baya. Da suka iso kurmin bagaruwa, inda hanya ke gangarawa zuwa gonakin bakin kogi, Sambo ya dafa hannunsa.

"Tsaya nan, Kawu. Sauke mini nawa."

"Me za ka yi?"

"Zan riga ka. In sun gan ni a kan kekena, babu wanda zai yi zaton komai, Sambo ne ya dawo daga auduga. In shiga wurin Iya in faɗa mata. Na riga na faɗa wa baƙo, ban mutu ba. Ita ta fi cancanta ta ji daga gare ni, ni ne na ga fitar ransa."

Duk kalmomin da Sodangi ya shirya tun safe suna nan a bakinsa, amma ya ga ba nasa ba ne. Suka sauke na Alhasan a hankali suka jingine, suka zaro na ƙasa, suka mayar masa da fedoji, suka miƙe kansa. Sambo ya yi bisimilla ya hau. Sodangi ya bi shi da ido har ya shige cikin itatuwa.

Ya mayar da keken Alhasan sama shi kaɗai, da ƙyar. Ya yi la'asar a kan yashi, ya zauna ya yi ta tasbihi har ya ga lokaci ya yi, sannan ya tada mota.

Yara sun bi shi kamar yadda ya zata, amma da suka kusa gidan suka yi tsit, don kukan Asabe ya riga ya fito ta kan danga, mata na shiga da lulluɓi. Ya sami Ramatu zaune a bakin angarib, gadonta na igiya, Sambo a durƙushe gabanta, hannunta a kan ƙeyarsa. Ba ta kuka. Ta tsufa fiye da yadda ya bar ta.

Ya tsuguna. "Yaya."

"Sodangi, ka iso." Muryarta ba ta rawa. "Wa ya yi masa wanka?"

"Ni da limamin kambo."

"An samu jama'a?"

"An samu, Yaya. Sahu-sahu. Har a hanya yau mutane sun yi ta yi masa addu'a, waɗanda ba su san shi ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ce Allah ya ba ta shi, Allah ya karɓi abinsa. Sai a lokacin hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba. Can ta ce a shigo da keken, kada ya kwana a waje raɓa ta taɓa shi, a jingine a ɗakin Asabe har malamai su zo su raba abin da ya bari.

Maƙwabta biyu suka taya Sodangi saukewa. Ya tura shi da kansa ya ratsa tsakar gida, mata na matsawa suna ba shi hanya. Da ya fito, maza sun fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, wani ya tafi kiran liman. Ya nemi wuri kusa da Sambo ya zauna, suka fara karɓar gaisuwa.