Muryar Mai Mota

Mahaifiyarmu Inna Wasila tana fama da asma tun ina goye. Magani biyu likita ya ba ta a Gusau, duk na shaƙa: shuɗi na lokacin da ƙirji ya toshe, da ruwan ƙasa na safe da yamma, wanda shi ne ke hana toshewar. Inna ta ƙulle shuɗin a bakin zane, ɗayan kuwa ta jefa shi cikin kwalla. A ganinta, mai lafiya ba ya shan magani.

Da sussukar bara, ƙaiƙayin gero ya kayar da ita. Yayanmu Abubakar Sadiƙ, direba a tashar Gusau, shi ya ɗauko ta daga garinmu Rawayya a guje, leɓɓanta har sun yi baƙi. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, ni ma na tsorata ƙwarai. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce in ba ta riƙe na kullum ba, wata rana ba za a iso da ita ba.

Kafin a sallame mu, ma'aikaciyar jinya ta saka wata manhaja a wayar da Yaya ya saya wa Inna. Da lokaci ya yi wayar za ta yi magana, in Inna ta shaƙa sai ta danna koren maɓalli, mu kuma mu gani a namu wayoyin. Da aka ce ana iya sa muryar ɗan gida, Yaya ya karɓe, ya gyara murya kamar mai karanta labarai: "Inna, Abubakar ne. Don Allah a shaƙi magani. Allah shi ƙara lahiya."

Shiru-shiru, kore sai jefi-jefi. Yaya ya ɗora wa sabis laifi, ni dai hankalina bai kwanta ba, na hau mota na tafi Rawayya. Na same ta a tsakar gida da maƙwabta suna ɓarar gyaɗa. Ina zama waya ta yi magana. Inna ta kau da kai, ta hau yi wa akuya faɗa, akuyar da ke kwance ba ta taɓa komai ba.

Na ja ta ɗaki. "Inna, ba ki jiya ba?"

"Mi zan jiya? Ke Sadiya, ɗan fari shi kira ni gaban mutane in tashi ina rawar jiki? Halan ba ni da kunya?"

Ashe nan matsalar take. Yaya ɗanta ne na fari, ko sunansa ba ta faɗa, sai dai "mai mota". In ita kaɗai ce takan shaƙa ta danna, to amma yaushe tsakar gidan Inna ya taɓa rabuwa da mutane? Dariya ta kama ni, haushi ma ya kama ni.

Sai na tuna da Baba Tajuddeen na Bilbis, can wajen Tsafe, ɗan kawun Inna. Taubasai ne, ba su haɗuwa ba su tsokani juna ba. Na kira shi na yi bayani, kafin in ajiye waya ya turo murya: "Ke Wasila raguwa! Tashi ki shaƙi abinki. Ni na san ba ki iyawa, sai dai in zo in yi miki ɗura."

Na saka ta a manhajar a madadin ta Yaya. Da yamma muryar ta tashi gaban maƙwabta. Inna ta miƙe zumbur, ta zazzage kwalla, ta girgiza maganin, ta shaƙa, ta danna kore da ƙarfi kamar za ta fasa wayar. "Tura mishi, ki ce na shaƙa, shi mutu da haushi!"

Tun daga ranar kore ke zuwa safe da yamma. Sussukar bana ta wuce Inna na tsaye da ƙafarta. Yaya ya yi murna sosai, amma sau ɗaya ya ce mini, yana kallon titi, "Tawa muryar ce dai ba ta yi ba." Abin ya tsaya mini a rai.

Ranar da muka je ɗaukar ta zuwa ganin likita, na ga wayar ta cika da raddin da take tura wa Baba Tajuddeen. Na ce bari in goge tsohuwar muryar, tunda ba ta aiki. Inna ta cafke hannuna.

"Bar min ita."

"Wacce, Inna?"

"Ta mai mota. In na shiga ɗaki ita nika saurare."

Yaya yana bakin ƙofa riƙe da jakarta. Ya ajiye a hankali, ya fita ya hau goge gilashin motar da ya wanke tun a Gusau. Inna ta leƙa ta gan shi, sai ta juya ta fara yi wa akuya faɗa.