Manhajar Malam Nu'uman

Takardu uku ne jere a kan teburin Hanifa, kowace da amsarta. Ta farko ta ce ruwan gulbi zai kai bakin jinga nan da kwana tara. Ta biyu ta ce bana ba zai kai ba. Ta uku ta ce ya riga ya tsallake tun makon jiya, alhali jingar ƙasar da ke kare gonakin shinkafa a fadamar Argungu tana nan, ko gindinta ruwa bai gama jiƙawa ba. Lambobi iri ɗaya ta shigar har sau uku, a kwamfuta ɗaya.

Ofishinsu a Birnin Kebbi shi ke lura da ruwan fadama. Duk damina masu awo sukan aiko da tsayin ruwa daga garuruwan da ke sama, a shigar cikin wata manhaja da tsohon ma'aikacin wurin, Malam Nu'uman, ya rubuta da kansa. Ita kuma ta gwada da bayanan shekarun baya, ta faɗi ranar da ruwa zai iso. Shekara tara tana wannan aiki a wata tsohuwar kwamfuta mai ƙugi, sai a watan Agustan 2007 wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone ta. Allah ya taimaka, Hanifa ta saba kwafe komai a faifai. Aka kawo sabuwa, ta tafi-da-gidanka, wadda mai kawowa ya yi ta kurantawa, wai ƙwaƙwalwarta biyu, tana aiki biyu a lokaci guda. Tun ranar manhajar ta rikice.

Shugaban sashen, Alhaji Faruk, ya tsaya a kanta yana duban takardun.

"Malama Hanifa, jibi Tamba zai zo da wakilan manoma. Me zan ce musu?"

"Ranka ya daɗe, na goge na sake sakawa sau biyu. Na sa ta yi aiki da tsarin tsohuwar kwamfuta. Duk ɗaya."

"Ko dai faifan naki ne ya lalace?"

Abin da take tsoro ke nan. Idan bayanan suka gurɓace, a hannunta suka gurɓace. Kuma ta san nauyin amsar. In aka ce a ɗaga jinga, sai Tamba, shugaban manoman fadama, ya janye mutum ɗari biyu daga yankan gero har mako guda. In aka ce a bari kuma ruwa ya zo, shinkafar unguwanni huɗu ta tafi.

"A ba ni izini in je wurin Malam Nu'uman," in ji ta.

Alhaji Faruk ya kau da kai. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikin Malam ya shanye ya bar aiki, kuma ban da ranar da aka kai masa takardar sallama, babu wanda ya taka ƙofarsa daga ofis. Hanifa ma, da ya koya mata aikin, tana cikinsu.

"Ki je," ya ce. "Ki gaishe shi."

Washegari da hantsi ta sauka a Argungu, jakar kwamfuta rataye a kafaɗa. Inno, matar Malam, ta karɓe ta da fara'a, ta kai ta rumfar tsakar gida. Malam yana kishingiɗe, hannunsa na hagu ajiye a kan cinya kamar ba nasa ba. Ya amsa gaisuwa daidai gwargwado, bai ƙara ba.

"Baba, na yi laifi," in ji Hanifa. "Ban zo ba sai da buƙata ta kawo ni."

"Kin dai faɗi gaskiya. Mi ya faru?"

Ta shimfiɗa takardun a gabansa ta yi bayani. Ya daɗe yana dubawa, ya murtuke.

"Manhajata ba ta ƙarya. Shekara tara ba ta taɓa ba ni amsa biyu ba. Ku dai kunka ɓata ta."

Ba ta musa ba. Ta kunna kwamfutar a kan tabarma, ta shigar da lambobin yana kallo, yana gyaɗa kai ga kowane. Ta danna. Amsa ta fito: kwana goma sha shida. Ta sake dannawa ba tare da ta taɓa komai ba. Kwana uku.

Malam ya miƙe zaune da ƙyar. Inno ta matso za ta tallafe shi, ya ɗaga mata hannu.

"Baba," in ji Hanifa, "in na danna, me take fara yi a ciki?"

"Aiki biyu na raba mata. Guda na ɗauko bayanan shekaru daga ma'aji, guda na lissafi. Na ba mai ɗaukowa fifiko. Tunda ƙwaƙwalwar kwamfuta guda ce, mai lissafi ba shi samun wuri sai wancan ya ƙare."

"To in wuri ya samu fa? Me zai hana shi farawa?"

Ya ƙura wa kwamfutar ido. Ita ma sai da ta faɗa ta ji abin da ta faɗa.

"Wannan ƙwaƙwalwarta biyu ce, Baba. Kowanne ya samu tasa. Mai lissafi yana farawa tun bayanan ba su gama zuwa ba, ya yi aiki da abin da ya tarar. Shi ya sa kowane lokaci amsa daban."

Malam ya shafa gemunsa.

"Babu abin da zai hana shi," ya ce a hankali. "Na san ya kamata in sa mashi takunkumi ya jira. Na ce sai bayan damina. Damina tara ke nan." Ya dube ta. "Ba ke kika ɓata ba, ɗiyata. Gyambon nawa ne."

Hanifa ta sunkuyar da kai don kada ya ga idonta. Kwana shida tana yawo da wannan zargi a ƙirji.

Ta buɗe tagar da ke nuna ayyukan da kwamfuta ke gudanarwa, ta nemo sunan manhajar, ta shiga wurin da ake zaɓa mata ƙwaƙwalwa. Akwatuna biyu ne, duk an yi musu alama. Ta cire alamar ɗaya. Ta koma ta danna lissafi. Wannan karon ta ɗan jima kafin ta amsa, irin jinkirin da Hanifa ta sani a da. Kwana takwas. Ta sake: takwas. Har sau biyar.

"Kar ki yi murna tukuna," in ji Malam. "Inno, ɗauko mani littafin nan mai baƙin bango."

Ya sa ta shigar da awon wata damina ta baya wadda ya rubuta ranar isowar ruwanta da hannunsa. Manhajar ta ba da rana. Ya bi layin da yatsa har ya kai, sannan ya rufe littafin. Gefen bakinsa mai lafiya ya motsa.

"Je ki gaya masu su ɗaga jinga."

Inno ta hana ta tafiya sai da ta ci tuwon shinkafa da miyar kifi. A bakin ƙofa ta riƙe hannunta ta ce, "Rabon da in ji ya yi magana mai tsawo haka, na manta."

Ranar taro Tamba ya saurari bayani da hannuwa a baya. Dattijo ne mai ƙarancin magana.

"Jiya an ce injinku ya haukace," ya ce. "Yau kuma in tashi mutane daga gero a kan maganarshi?"

"Baba Tamba, mun gano ciwon, kuma Malam Nu'uman ya duba da kansa."

"Nu'uman ya gani?"

"Da idonsa."

Tamba ya juya ya dubi mutanensa. "A nemo buhuna," ya ce.

Kwana shida suna zuba ƙasa, maza na haƙa, mata na kawo fura bakin aiki. Kwana na takwas ya zo, ruwa bai iso ba. Na tara ma haka. Aka fara guna-guni a kasuwa, gero na zuba a gona. Hanifa ta kasa cin abinci. A rana ta goma ruwa ya taso, ja wur, ɗauke da ciyayi da rassa. Ya haura tsohon bakin jingar da kusan kamu ɗaya, ya tsaya yana lasar sabuwar ƙasa. Ta wajen gabas ya fasa ya ci gonaki bakwai. Sauran fadamar ta tsira.

Ranar Asabar Alhaji Faruk da kansa ya tuƙa mota zuwa Argungu, Hanifa na baya da kwamfuta. Ya durƙusa ya gaida Malam, ya yi godiya, ya nemi gafara. Malam ya karɓa, amma hankalinsa ba a nan yake ba. A gefensa akwai tarin takardu da suka yi ja don tsufa, rubutun manhajar ne layi-layi, ya yi wa wasu wurare zane da jan biro.

"Takwas munka ce, ya zo a goma," ya ce da Hanifa. "Kwana biyu ba ƙaramin kuskure ba ne. Akwai wani abu a shafi na sha ɗaya da ban yarda da shi ba."

"Baba, ai an tsira."

"Gona bakwai ba su tsira ba. Hannuna guda ne yanzu, ke za ki buga." Ya tura mata takardun. "Kunna kwamfutar."